Teburin da Zai Zama Ƙafar Baba

Unguwar Masassaƙa, Doguwa
9 ga Afrilu

Zuwa ga taubashina Zayyad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ramla da yara. Ka gaishe mini da Gwaggo Hajara, ka ce mata man zafin da ta aiko wa yayanta ya iso. Mu nan lafiya lau, sai zafin rana, sai kuma abin da ya sa na ɗauki biro.

Na san za ka yi dariya ka ce Zubaida ta koma zamanin da, ga waya a hannun kowa. To ka yi dariyarka. Ka san garinmu, sai an hau dutse ake samun sabis, Baba kuma ko ta bayan katanga yana jin motsin baki. Wannan magana ba na so ya ji ta. Sadiq direba, mai kai kaya Kwanar Dangora, shi zai riƙa ajiye maka takarda a shago.

Ƙafar Baba ta warke, amma a miƙe ta warke. Tun faɗuwar da ya yi a babur bara, gwiwar hagu ba ta lanƙwasuwa. Ka san yadda yake aiki: ya zauna a ƙasa, ya kama itacen da tafin ƙafa biyu, gizago na sauka. Shekara hamsin da ɗoriya haka yake fitar da turmi da akushi da ƙota. Yanzu in ya zauna ƙasa sai mutum biyu sun tashe shi, itacen kuma gudu yake yi masa.

Wata tara ke nan bai taɓa gizago ba. Da hantsi yakan fito gindin ɗorawa ya zauna a kujerar roba, ya zuba wa guntayen itacen kiryarsa ido. Wani lokaci sai in ga yatsunsa na motsi a kan cinya, kamar yana sassaƙa wani abu da shi kaɗai yake gani. Shekaranjiya da kunnena na ji yana gaya wa Aminu maƙeri cewa in an cire amfanin gona ya zo ya kwashe ƙarafan, ya mayar da su fartanya. Zayyad, tsoro nake ji. Ranar da gizagon nan ya shiga wuta, ban san me zai riƙa tashin Baba da safe ba.

Kai kafinta ne. Ba za ka iya ƙera abin da zai riƙe masa itace ba? Ban san sunan abin ba, ban san kamarsa ba. Amma umarni ne daga uwargijiyarka, kada ka manta ɗan mace ne kai.

Taubashiyarka,
Zubaida

Kwanar Dangora, Kiru
20 ga Afrilu

Ranki ya daɗe uwargijiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Ramla na gaishe ki, Inna ma haka, ta ce in tambaye ki ko har yanzu tuwonki na yin gudaji. Ni dai ɗan aike ne.

Sau uku na karanta maganar Kawu Ɗantani, na kasa komawa kan gadon da nake haɗawa. Abin da kike nema teburin aiki ne, irin wanda muka koyi sana'a a kansa. Ba irin na bakin kasuwa ba, wanda in ka ja zarto sai ya taya ka rawa. Tebur in yana motsi, rabin ƙarfin mutum cikin motsin yake tafiya, sara kuma ba ya sauka inda aka nufa. Maganin abin shi ne nauyi, da ƙafafu masu kauri a ɗan buɗe, da sanduna daga ƙasa su ɗaure su kada kowace ta yi ta kanta.

Ina da wani falankin maɗaci a bayan shago, kaurinsa inci huɗu, daga bishiyar da iska ta kayar a Bebeji shekara shida da suka wuce. Mutane da yawa sun nema na hana, ni kaina ban san dalili ba. Bayan azahar in ciniki ya lafa, nakan jingina in yi ta kallon jijiyoyinsa suna tafiya suna karkacewa kamar ruwan rafi. Jiya ina cikin kallon sai na ga teburin gaba ɗayansa, a tsaye gindin ɗorawarku, ganye na faɗowa a kansa, Kawu a gefe ya naɗe hannun riga. Wallahi har ƙamshin kirya na ji. Da yatsa na fara zana shi cikin garin katako kafin in nemo fensir.

Ba zan sa masa ƙusa ko ɗaya ba. Kin tuna ranar da zan bar Doguwa in tafi makarantar koyon sana'a? Kawu ya dube ni ya ce kafinta mutum ne mai haɗa abin da Allah bai haɗa ba, shi kuwa abin da ya yi yawa kawai yake cirewa. Shekara goma sha tara maganar nan na zaune a ƙirjina. So nake ya zagaya teburin nan ya nemi kan ƙusa ya rasa.

Abu ɗaya nake buƙata. Ki auno mini daga ƙasa zuwa wuyan hannunsa, yana tsaye, hannu a sake. Tsayin tebur ke nan, haka aka koya mana.

Bawanki da ba ya jin magana,
Zayyad

Doguwa
11 ga Mayu

Zayyad,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, Mujitaba maigidana yana gaishe ka. Ka gaya wa Gwaggo gudajin tuwona gado ne, a wajenta na koya.

Ga zare nan cikin ambulan, ƙullin da ke jiki shi ne wuyan hannun Baba. Kada ka tambaye ni inci nawa ne. Kwana huɗu ina fakonsa kamar mai kamun kaza. Ranar Juma'a ya tsaya a ƙofar zaure yana jiran babur ɗin da zai kai shi masallaci, na zo wucewa da gawayi a hannu na ɗiga a jikin bango. Da ƙyar na samu, don ba ya minti biyar a tsaye sai ya nemi wurin zama.

An yi ruwan fari ranar Talata. Da gari ya waye duwatsun nan namu sun lulluɓe da farin gajimare, kawunansu kaɗai ake gani, kamar ba su taɓa ƙasa ba. Baba ya fito ya shaƙi ƙamshin ƙasa, ya ce a irin wannan safiya gizago da kansa yake tafiya. Sai kuma ya juya ya koma ciki, kamar wanda ya faɗi abin kunya.

Ka shafa mini ciwonka. In ina aji yara na rubutu, sai in tsinci kaina ina kallon taga, ina ganin teburin da ban taɓa gani ba. Wani lokaci ja ne, wani lokaci baƙi. Jiya har da tsuntsu a kansa. Ka yi sauri kafin hedimasta ya kore ni.

Zubaida

Kwanar Dangora
22 ga Yuni

Uwargijiya,

Gaisuwa mai yawa. Lafiya muke, sai Ramla da nauyin ciki ya fara hana ta sakewa. Ki taya mu addu'a.

Ga teburin nan a motar Sadiq, bisa buhunan taki. Ki nemo maza huɗu, ba raguna ba, don sauke shi ba wasa ba ne. Ƙafafun na kirya ne, kowace ta shige raminta a jikin falankin, an ɗaure ta da weji, wato ɗan tsinin katako da ake bugawa ya matse ta. In rani ya yi katako ya tsuke, a ba kowane weji guduma biyu, zai koma daram. A gefen dama na ɗaura mamatsin ƙarfe. Ana sa itace a bakinsa, a juya hannun, ya matse. Ko bijimi ne ba zai ƙwace ba.

Na gwada shi. Na cika kofi da ruwa har baki na ɗora a kai, na yanka katako da zarto iya ƙarfina. Ko ɗigo bai zuba ba. Na tsaya ina kallon ruwan nan a kwance, sararin sama a cikinsa, har wani ya yi sallama sau biyu ban ji ba.

Saman kuwa kwana uku na yi ina kankarewa, na bi da samfefa, na shafa mai. Ramla ta zo kawo abinci ta leƙa, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a ciki. Ban taɓa yin abu mai kyansa ba, Zubaida, kuma ba na jin zan sake.

Ki rubuto mini abin da Kawu ya faɗa, kalma bayan kalma. Kada ki sa masa gishiri.

Zayyad

Doguwa
25 ga Yuni

Zayyad,

Muna lafiya, Allah ya sauki Ramla lafiya. A tsaye nake rubutun nan, Sadiq na ta danna mini oda.

Tebur ya iso, unguwa duk ta fito kallo. Baba ya zagaya shi sau biyu da sandarsa. Ya sa aka ɗauko gizago. Ya matse guntun kirya, ya sara biyu, ya kwance, ya juya shi, ya sake matsewa, ya sara biyu, ya kwance. Sai ya ajiye gizagon ya nemi kujera.

Ka ce kalma bayan kalma, to ga su: "Wannan aikin kafinta ne." Daga nan ya sa aka shigar da shi zaure aka rufe da tabarma.

Sauran bayani sai na zauna.

Zubaida

Doguwa
2 ga Satumba

Zayyad,

Sallama, in har kana amsawa. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Wata biyu da kwanaki babu ko layi ɗaya. Sadiq ya ce ka karanta takardata a gabansa, ka ninke ta huɗu ka sa aljihu, ka juya masa baya ka ci gaba da aiki. Na hau dutse sau uku na kira ka, ba ka ɗauka ba. Na yi fushi, na huce, na sake yi.

Sai da na zauna na tuna abin da na rubuta na gane. Laifina ne, na ba ka kalmomin ban ba ka hannun ba. Lokacin da Baba ya ce aikin kafinta ne, tafinsa na kan falankin yana shafawa a hankali kamar kan jariri. Kullum sai ya shiga zaure ya ɗaga tabarmar ya duba, ya mayar. Duk baƙon da ya zo sai ya ce masa, "Ɗan ƙanwata ne ya yi. Nemo mini ƙusa a jiki in ka isa." Ka ji mutumin da kake wa fushi.

Amma ba ya aiki a kai, kuma na gano dalili. Ranar kasuwar Tudun Wada na je sayen atamfa, na ga wani tsoho yana sassaƙa ƙota a gindin bishiya. Na manta da atamfar, na tsuguna kusan awa guda, ba hannunsa nake kallo ba, ƙafarsa. Sara ɗaya, ƙafa ta saki, itace ya ɗan juya, ta kama, sara ya sauka. Ko numfashi ba ya shiga tsakani. Ashe ƙafar nan da muke cewa riƙewa take yi, rabin aikinta saki ne. Na tashi a gindin Baba ina ganin haka kullum, ban taɓa lura ba. Mamatsinka kuwa riƙon ɗan sanda yake yi, sai an roƙe shi yake saki. Kafin Baba ya kwance ya juya ya matse, abin da yake gani a cikin itacen ya gudu.

Sannan tsayuwa. Da hannuna na rubuta maka ba ya minti biyar a tsaye, daga ni har kai babu wanda ya ji. Mun auna mutumin da babu shi.

Masara ta yi goyo, wasu sun fara gasawa. Jiya Aminu maƙeri ya tsaya a ƙofa ya tambayi Baba ko maganarsu na nan, Baba ya ce tana nan. In kana da sauran fushi ka adana shi, bayan kaka sai mu raba.

Zubaida

Kwanar Dangora
13 ga Satumba

Zubaida,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Watan Ramla ya tsaya, kullum muna sauraro. Kunya ce ta hana ni buɗe takarda da wasa yau. Kalma huɗu na karanta, na koma ɗan shekara goma sha bakwai da jaka a hannu. Ki yafe mini.

Kwana uku ina yawo da maganarki ta saki. Na zana, na yaga, na zana. Ranar Laraba da la'asar na zauna a bencin Abdulmalik, telan da ke jikin shagona, ba don komai ba sai don kaina ya yi zafi. Yana ɗinki yana ba ni labarin da ban ji ko kaɗan ba, don idona na kan ƙafarsa. Ta danna, keke ya tafi. Ta ɗaga, ya tsaya. Hannayensa biyu suna kan yadi ba ruwansu. Sai shagon ya yi mini nisa, na ga ƙafar Kawu ta dama, mai lafiyar, a kan wani ɗan katako, igiya na miƙewa tana sakewa.

Ga zane nan. A cire mamatsin, a ba mai so. A rage tsayin teburin ya dawo daidai wurin zama, Kawu ya hau ya zauna a kai ɗaya, ƙafar hagu a miƙe a gefe yadda take so. A huda rami biyu a tsakiya, tazarar taƙi ɗaya. Igiya ta fito ta ɗaya, ta haye kan itacen, ta koma ta ɗayan, a ɗaure bakinta biyu a ɗan katakon da ke ƙasa. Ya taka, ta kama. Ya ɗaga, ta saki. Na aiko da igiyar rama da abin huda.

Ba zan iya barin Ramla yanzu ba. Kuma akwai abin da ya gagare ni, gaskiya ba dabara ba. Ki daina ɓoye masa, ki karanta masa wannan da bakinki:

Kawu, ina gaisuwa, ina neman afuwa. Na yi kuskure, na auna tebur da tsayuwar kafinta. Na samo yadda igiya za ta kama ta saki, amma ban san yadda gungumen turmi zai kwanta a kan shimfiɗaɗɗen katako bai gangara ba. Mu abu mai kusurwa aka koya mana. Na yi iya tunanina na rasa. Don Allah ka gyara mini aikina.

Ɗanka,
Zayyad

Doguwa
6 ga Oktoba

Zayyad,

Assalamu alaikum. Barka, barka! Sadiq ya kawo mana albishir tun kafin ya kashe mota. Allah ya raya Hamdiyya, ya ba Ramla lafiyar shayarwa. Mu nan ana ta karyar masara, kowa hannunsa ya yi kanta.

Na karanta wa Baba saƙonka a gindin ɗorawa. Bai tambaye ni tun yaushe muke ƙulla abin ba. Ya ce in sake karanta wurin gangarawar. Na sake. Ya yi tsaki ya ce, "Shekara nawa yaron nan ya yi a makaranta?" Sai ya ce a fito da tebur.

Mujitaba ya kawo zarto zai rage ƙafafun yadda ka zana, Baba ya daka masa tsawa. Ya ce ƙafa ɗaya ta lalace a gidan nan ta isa, ba za a ƙara huɗu ba. Ya sa aka haƙa rami huɗu, aka babbake gindin ƙafafun a wuta saboda gara, aka binne su har teburin ya sauko daidai zamansa, aka daddaɓe ƙasar da taɓarya. Yanzu kamar a nan ya tsiro. Maza uku sun jijjiga shi bai san suna yi ba.

Saura abin da nake jin nauyin faɗa maka. Bayan an zura igiya, Baba ya hau ya zauna, ya daɗe yana kallon fuskarsa a cikin falankin nan naka. Sai ya yi bisimilla ya ɗaga gizago ya sauke shi a tsakiya. Na runtse ido. Da na buɗe, jajayen guntayen maɗaci na tashi suna sauka a kan rigarsa, shi kuma bakinsa na motsi kamar mai hira da wani. Ya fafe kwari mai tsawon kamu guda, inda gungume zai kwanta. Ramla ba za ta sake gyara ɗankwali a ciki ba. Na yi kuka, ban san ko na teburin ne ko na Baba ba.

Ranar Alhamis Aminu maƙeri ya zo da buhunsa. Ya tarar da turmi ya kai rabi. Baba ko ɗaga kai bai yi ba, ya miƙa masa ƙaramin gizagon ya ce a wasa bakin, gobe yana so.

Yanzu haka yana gefena, ya ce in rubuta wannan yadda ya faɗa, kuma kada in gyara:

"Ki ce masa ramukan igiyar sun yi kusa, na ƙara na uku. Ki ce igiyar rama tana ci, ta fata ta fi. Ki ce na ɓata masa katako, kuma ban yi nadama ba. Sannan ki ce teburin nan ya yi wa mutum ɗaya tsawo. Ina zaune a kai ɗaya, ɗaya kan babu kowa. In mai jego ta yi arba'in, ya zo."

Taubashiyarka,
Zubaida